Sautun gahawa da kajijin Barazil

Tun kafin bizata ta fito Baba ya riga ya ba da sautunsa. Gahawa yake so, kuma ya kafa sharaɗi: 'ya'ya, ba gari ba. "Kada ki kawo mini irin ta gwangwanin nan da ake zuba wa ruwan zafi," in ji shi, "wannan ko wurin mai shayin bakin layi na aika sai a samo." Baba ya koyi shan gahawa ne a zaman da ya yi a Sudan yana saurayi, kuma har gobe da kansa yake soya ta a kasko, ya daka a ɗan turmi, ya dafa da citta. Ni kuwa abin da na gaya wa mutane zai kai ni Barazil shi ne ganin autanmu da ke karatun digiri na uku a Sao Paulo. Gaskiya ne, amma ba shi kaɗai ba. Na daɗe ina haɗa man shafawa na kaɗanya da sabulu da turaren wuta ina sayarwa a Kano, kuma na gaji da karanta sunayen mayukan dajin Amazon a jikin kwalabe masu tsada alhali ban taɓa shinshina ko ɗaya a ɗanyensa ba.

Jirginmu ta Addis Ababa ya bi. Sai da na yi gabas na taka Habasha, mahaifar gahawar arabika, sannan na zauna kimanin awa 12 a sama kafin in isa ƙasar da ta fi kowa nomanta. Watan Agusta ne, na baro damina a gida, na tarar da sanyi irin na tsakiyar hunturu. Auta ya zo tarbata da rigar sanyinsa a hannu, don ya san ba zan zo da ita ba.

Washegari da safe ya kai ni gidan burodin unguwarsu, irin wanda suke kira padaria. Kowa a tsaye, kowa da ɗan ƙaramin kofi a hannu, kurɓa biyu ya ƙare. Cafezinho ke nan, baƙa ƙirin, zafi jau, sukari kamar ba da kuɗi aka saya ba. "Yaya, nan ko karin kumallo sunansa café da manhã, gahawar safe," in ji Auta, "ko da ruwa kika sha da burodi." A gidan da yake haya kuwa na ga matatar gahawarsu: ɗan ƙyalle ne aka ɗinke kamar safa aka maƙala wa waya, ya rine ya koma ruwan ƙasa saboda aiki. Da a teburin mai shayi na gan shi ba zan ce baƙo ne ba.

Na so in sallami sautun Baba a ranar, a babban kantin da ke kusa. Har na ɗauko fakiti uku masu rubutun extraforte, don a tunanina mai ƙarfin ita ce mai kyau. Abokin zaman Auta, wani yaro ɗan jihar Minas Gerais da iyayensa manoman gahawa ne, ya karɓe su daga hannuna ya mayar kan kanta yana dariya. Ya ce ƙarfin nan ƙuna ce kawai. In 'ya'yan ba su da kyau, akwai fasassu da ɗanyu da waɗanda ƙwari suka huda, sai a soya su har su yi baƙi, ɗacin ƙuna ya rufe komai. Ya nuna mini ɗan tambarin ƙungiyar masu sarrafa gahawa ta ƙasar, ABIC, wadda ta fito da shaidar tsabta a 1989 saboda algus ya yi yawa a lokacin, ana niƙa masara da ɓawo da itatuwa a ciki. Akwai kuma matakai da ake rubutawa a fakiti: tradicional, superior, gourmet. Ya ce in dai don dattijon da ya san abin ne, in bari mu je Santos. Ban fita hannu rabbana ba, na sayi matatar ƙyallen nan guda huɗu. A wurin biya yarinyar ta tambaye ni wani abu da sauri, na tsaya ina kallonta. Ashe lambar haraji take nema, CPF, a saka a rasit. Duk inda na yi sayayya a Sao Paulo sai an yi mini wannan tambayar, har na iya girgiza kai tun kafin a rufe baki.

Santos ba ta da nisa, kimanin kilomita 70 ne. Mota muka hau a tashar Jabaquara, muka gangara duwatsun Serra do Mar, mu shiga rami mu fito kan gada, hazo a ƙasanmu, kunnuwana suna toshewa. Tashar jiragen ruwan garin ita ce mafi girma a Latin Amurka, kuma ta nan mafi yawan gahawar Barazil ke fita duniya. Ƙasar ta shafe fiye da shekara 150 tana kan gaba a noman, wajen kashi ɗaya cikin uku na abin da duniya ke samarwa nata ne.

A tsohon gari, kan titin XV de Novembro, akwai ginin da dillalai ke yanke farashin gahawa a da. An buɗe shi a 1922, shekarar da Barazil ta cika ɗari da samun 'yanci daga Fotugal, kuma tun 1998 ya zama gidan tarihin gahawa. Zauren cinikin yana nan yadda yake: kujerun katako masu dogon baya an jera su da'ira, ƙasa dutsen marmara, sama gilashi mai zane da launuka. Kuɗi ya yi magana a wurin nan. Amma abin da ya tsayar da ni wani tsohon hoto ne na ɗan dako a bakin ruwa, an ɗora masa buhu biyar a wuya da kafaɗa. Buhun gahawa kilo 60 ne, har yau da shi ake lissafi. Kilo 300 ke nan a kan mutum ɗaya. Kafin 'yan dako kuwa bayi ne suka yi noman, don Barazil ba ta haramta bauta ba sai 1888, bayan kowace ƙasa a nahiyar. Daga nan aka cika gonakin da baƙi 'yan Italiya, sannan Japanawa, waɗanda jirginsu na farko ya sauka a nan Santos a 1908. Wani bango kuma ya ba da labarin abin da ya biyo bayan karyewar kasuwannin duniya a 1929: gahawa ta yi kwantai, gwamnati ta riƙa saye tana ƙonawa don farashi ya ɗaga, fiye da buhu miliyan 70 a cikin kimanin shekara goma sha uku. Na yi ta tunanin yadda zan gaya wa Baba, mutumin da in ƙwaya ɗaya ta faɗo daga kasko sai ya sunkuya ya tsince ta.

A cikin ginin akwai wurin sha da sayarwa, a nan na yi karatun da ya fi amfanata. Yarinyar da ke haɗawa ta jera mini ƙananan kofuna uku, ta janye sukari gefe. Na yamutsa fuska tun kafin in kurɓa. Ta farko daga Cerrado Mineiro take, sai na ji garɗi irin na gyaɗar da aka soya da yashi, da wani abu kamar cakulan a ƙarshe. Ta biyu, ta kudancin Minas, ta fi laushi, da zaƙi-zaƙi a bayan harshe. Ta uku, ta Alta Mogiana, tana da ɗan tsami kaɗan da ban san ana samu a gahawa ba. Ba ɗaya da ta nemi sukari. Yaron nan na Minas ya yi mini bayanin zaƙin: a wajensu galibi ba a ɓare 'ya'yan kafin shanya, da ɓawonsu da tsokarsu ake baza su a fili, a riƙa juyawa da katako kamar yadda ake shanyar barkono a gida, har su bushe. Daga baya inji ya ɓare. Girbi kuwa tsakanin Mayu ne da Satumba, lokacin da ba ruwa, shi ya sa shanyar ke yiwuwa.

Abin da na koya na saye kaɗan ne, amma ya ishe ni. A nemi em grão, wato 'ya'ya, ba moído niƙaƙƙe ba. A duba ranar suya, ba ranar lalacewa ba, don ƙamshi yana fara guduwa cikin 'yan makonni. Launi ya zama ruwan ƙasa kamar busasshen dabino, in ya yi baƙi yana ƙyallin mai an wuce da shi. Ɗan maɓallin roba da ke jikin ledar kuma ba ado ba ne, iskar da soyayyun 'ya'ya ke fitarwa yake saki ba tare da ta waje ta shiga ba. Ta nuna mini wata mai tsada ninkin ba ninkin, wai tsuntsu ne mai suna jacu ke haɗiye nunannun 'ya'yan a jihar Espirito Santo, a bi kashinsa a tsince ƙwayar a wanke. Na ce mata Allah ya ba da kasuwa.

Matsalar ita ce Baba da kansa yake suya, ɗanya yake so. Sai da muka zaga layuka biyu kafin muka sami wani dattijo mai ƙaramin injin suya a bayan shagonsa. Ya yi mamakin mace baƙuwa na neman ɗanyar gahawa. Da Auta ya gaya masa ta mahaifinmu ce, kuma a kasko yake soyawa, sai ya bar abin da yake yi ya buɗe buhu ya ɗebo mini a tafin hannu. Launinta tsakanin kore da toka, warinta kamar ɗanyen wake, ba abin da zai ce maka wannan ce gahawa. Ya auna kilo biyu, ya ƙara hannu guda gyara, ya ce kakarsa ma a kasko take yi.

Bayan kwana huɗu muka tashi zuwa Belem, awa uku da rabi a jirgi ba tare da mun bar ƙasar ba. Na cire rigar sanyi tun a matakala. Zafi ne mai danshi, tituna sun sha inuwar manyan itatuwan mangwaro, da la'asar kuma ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya ya ɗauke kamar ba a yi ba. Ta wannan garin gahawa ta fara shiga Barazil a 1727, a hannun wani hafsan soja, Francisco de Melo Palheta, da ya kawo irin daga Guiana ta Faransa. Mutanen garin suna son ƙara wa labarin gishiri, wai matar gwamnan can ce ta ɓoye masa irin a cikin furanni. Gahawar dai ba ta zauna a nan ba, kudu ta gangara.

Kasuwar da na zo dominta sunanta Ver-o-Peso, wato duba awo, don tun ƙarni na 17 a nan 'yan mulkin Fotugal ke auna kayan da suka fito daga daji su karɓi haraji. Tana bakin ruwa, da ginin ƙarfe mai hasumiya huɗu na 1901 inda ake sayar da kifi, ungulaye na shawagi a kai ba mai kula su. Mun je da sassafe, muka tarar ana sauke kwandunan açaí, wasu ƙananan baƙaƙen 'ya'yan wani kwakwan daji, daga jiragen ruwa. A can ba abin zaƙi ba ne, dama shi suke yi da kauri su ci da soyayyen kifi da garin rogo, garin kwaki sak. Na ci, ban ƙara ba.

Layin masu ganye, erveiras, shi ne inda na yini. Rumfuna ne ƙanana, kusan duk na mata, kwalabe sun rataya jere-jere da igiya, saiwoyi da ɓawon itace da busassun ganye a ƙasa. Wata dattijuwa mai furfura ta kamo hannuna tana cewa "minha filha". Auta ya ce, "Yaya, 'yata take ce miki." Na ce to ya gaya mata na yi uwa a Belem. Ta fara da kwalaben da suka fi kasuwa, ruwan wanka na ƙamshi masu suna a jiki, Auta na fassara yana ƙunshe dariya: kira kuɗi, matso kusa da ni, kama ni kada ka sake. Na ce ashe masu kayan mata na gida suna da 'yan'uwa a hayin teku. Na ce mata wannan ba hurumina ba ne, mai nake nema.

Ta ɗauko andiroba, ta ɗiga mini a yatsa, ta yi nuni in lasa. Ɗacin ya hau mini har ka. Ta yi dariya ta ce haka ake gane na gaskiya, wanda aka sirka da man waken suya ɗacinsa ba ya kai nan, kuma na ainihi in ya ji sanyi yana yin kauri da gudaji-gudaji. Bakina ya ce mini na san wannan ɗacin, daga baya Auta ya tabbatar: itacen dangin maɗaci ne da dogon yaro. Ta kwatanta yadda ake yinsa a ƙauyensu. 'Ya'yan su faɗo, ruwa ya kwaso su, mata su tsinta, a dafa, a ajiye makonni, a fasa a kwashe tsokar a cuɗa, a ɗora curin a kan katako mai gangare, man ya riƙa ɗiga da kansa. Ina jinta ina ganin matan da nake saro man kaɗe a wurinsu, tsinta da dafuwa da cuɗa, bambancin kaɗan ne. Suna shafa shi ga kumburi da ciwon jiki, da kuma korar sauro. Copaíba kuwa ba daga 'ya'ya yake ba, huda gindin itacen ake yi man ya zubo, a toshe ramin. Ƙamshinsa na itace ne, mai ɗan yaji.

Sai ta kunna wani farin ƙaro a kan murfin gwangwani, breu branco, wanda masu kwalekwale ke toshe ɓaraka da shi. Hayaƙin ya tashi, na ji kamar an jefa hano a garwashi, sai dai wannan ya fi sanyi, da ɗan ƙamshin lemo. Na sayi rabin kilo ban ko taya ba. Na ƙara da cumaru, wasu baƙaƙen 'ya'ya masu tamoji da ke ƙamshi mai zaƙi, don na riga na ji inda za su zauna a humra.

Daga ƙarshe ta ce bari ta nuna mini sarauniyar rumfar. Ta jawo wata 'yar jaka ta zazzago ƙananan saiwoyi masu gaɓa-gaɓa, baƙi-baƙi, ta kankare ɗaya da wuƙa ta kai mini hanci. Priprioca, in ji ta, tana jan sunan da alfahari. Na shinshina, na sake shinshinawa, na kalli Auta.

"Auta, wannan ai kajiji ne."

"Haba Yaya."

"Wallahi kajiji ne. Buhunsa na baro a ɗaki."

Ya ciro waya ya nemo sunan da masana tsirrai suka ba shi, Cyperus articulatus, ya nemo na kajiji. Ɗaya ne. Ciyawar bakin ruwan nan da muke daka saiwarta a turaren wuta, ita ce dai. Da aka gaya wa dattijuwar sai ta riƙe baki, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ga matar Afirka da ta san priprioca. Nasu ya ɗan fi namu girma, ƙamshin kuma ya fi kaifi, watakila don sabo ne bai sha rana ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne inda suka kai shi. Da yamma muka shiga shagon Natura, kamfanin kayan shafa da aka kafa a Sao Paulo a 1969, wanda tun 2000 yake da jerin kaya mai suna Ekos da aka gina kan itatuwan nan: andiroba, ucuuba, murumuru, castanha. Ga sabulu ga man wanka ga man hannu, an rubuta sunan itacen ɓaro-ɓaro yadda mutanen wurin ke kiransa, ba a sake masa suna don ya yi kama da na Turai ba. Priprioca ma sun yi turare da ita. Matan kasuwar ba su bari abin ya wuce haka nan ba, sun yi ƙorafin cewa iliminsu aka ɗauka, har aka zauna aka yi yarjejeniya da ƙungiyarsu a 2006. Haka ma da wani kamfanin Japan ya yi rajistar sunan cupuaçu, wani ɗan itacen dajin Amazon, a matsayin nasa, 'yan Barazil suka tashi tsaye sai da aka soke a 2004. Ni da nake sayar da kajiji a ƙullin leda, ko suna ba na rubutawa, sai na ji kaina kamar kazar da ta kwana a kan dami.

Man cupuaçu da na murumuru a wani ƙaramin shagon masu haɗa sabulu na same su, a ɗanyensu. Cupuaçu ɗan'uwan itacen kokon da ake cakulan da shi ne, mansa ya fi kaɗanya laushi, yana narkewa a tafin hannu ba ya barin danƙo. Murumuru daga wani kwakwa mai ƙaya yake, mansa tauri gare shi kamar kyandir, na gashi ne da sabulu. A ra'ayina ba wanda ya kai kaɗanya riƙe fata a lokacin hunturu, amma in aka haɗa ta da cupuaçu nauyinta zai ragu, kuma abin da 'yan matan da ke saye a wurina ke kuka da shi ke nan. Tsarabar mutanen gida kuwa sabulun Phebo na saya, wanda aka fara yi a nan Belem a 1930, mai duhu kamar sabulun salo amma santsi, ƙamshinsa na cika banɗaki. Kowane sabulu na ɗauka sai na nemi kalmar vegetal a jikinsa, don ƙasar shanu ce, da yawa da kitse ake yi, ni kuma ban san yadda aka yanka ba.

Kuskurena a hanyar dawowa ne. Kwalbar andiroba babba, rabin lita, na ƙi saka ta a akwati don kada ta fashe ta ɓata gahawar Baba. Na riƙe ta a jakar hannu daga Belem zuwa Sao Paulo ba wanda ya ce uffan, ashe a jiragen cikin gida ne ba su damu ba. Ranar tafiya gida, a wurin binciken masu fita waje, jami'ar ta ɗaga kwalbar ta nuna mini allon da ya ce mililita 100. Akwatina ya riga ya shige, Auta yana can waje. Na yi magiya da Hausa da Turanci da hannu, ta saurare ni har ƙarshe cikin ladabi, sannan ta saka ta a kwandon. Ƙaramar kwalba ɗaya da na manta a cikin takalmi a akwati ce kawai ta iso Kano.

Baba ya soya gahawarsa washegarin isowata bayan sallar asuba. Na ce ya ɗanɗana ta haka nan tukuna, ba citta ba sukari, yadda aka koya mini a Santos. Ya kurɓa, ya yi shiru, ya ce tana da kyau, sannan ya miƙa hannu ya ɗauko cittarsa. Hajiya kuwa tana gefe tana buɗe ƙulle-ƙullen da na zube a tabarma. Ta ɗauki na priprioca, ta kai hanci sau ɗaya.

"Kajiji kuma? Har can kika je sayen kajiji? Nawa suka sayar miki?"

Na ce mata kyauta aka ba ni.